Ka Duba Baya

Duk unguwar ba wanda ke kiransa da wani suna sai Mai Inji, ko da yake rabonsa da injin niƙa an kwana biyu. Tun yana saurayi ya shiga wata rumfar kwano a bayan kasuwa, bai fito ba sai da mutane suka kasa bambance furfurar kansa da ƙurar gari. Rumfar ba ta da taga. Akwai inji, akwai bel ɗin da ke juya shi, akwai duron ruwan da ke sanyaya shi, sai wani dogon benci da mata ke jera kwanoninsu a kai. Daga hantsi har faɗuwar rana yana tsaye, ya juye hatsi ta sama, ya tari gari ta ƙasa, ƙara tana girgiza rufin. Da wannan ƙara ya yi aure, da ita ya reni 'ya'yansa, da ita ya gina ɗan gidansa a ƙarshen gari. Ita ma ba ta tafi hannu banza ba. Ta ɗauke kunnensa na hagu gaba ɗaya, na daman kuma ta gutsure rabinsa.

Shi dai bai taɓa yarda cewa ba ya ji ba. A ganinsa mutanen yanzu ne suka koma magana ciki-ciki kamar waɗanda ba su karya ba. Sai ya samo dabara: duk abin da aka faɗa masa ya gyaɗa kai ya ce, "To, to, na ji." A gaishe shi, to na ji. A tambaye shi kwatance, to na ji. Ranar da Tela maƙwabcinsa ya zo ido jajur ya gaya masa ɓarayi sun ɗauke masa keken ɗinki, Mai Inji ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara." Sai da aka haɗa da ban haƙuri kafin Tela ya koma amsa gaisuwarsa.

Mutum ɗaya ce wannan dabara ba ta ci a wurinta, matarsa. Alƙaliya yake kiranta, domin ba a taɓa kawo magana gabanta ta tashi ba ta yanke hukunci ba, ko da rigimar kajin maƙwabta ce. Gajeriya ce mai jiki, mai saurin tafiya da saurin baki. In za ta yi masa magana sai ta zagayo ta damansa, ta dafa kafaɗarsa, ta buɗe murya yadda masu wucewa a titi za su san gishiri ya ƙare a gidan Mai Inji. In ta gama ta ce, "Maimaita abin da na ce." Yakan ɓata rai, ya ce ta mai da shi ɗan makaranta a gidansa. Amma yana sonta, irin son tsofaffi da baki ba ya faɗa. Ranar da ta je unguwa ta daɗe, sai ka gan shi a ƙofar gida yana gyaran abin da bai lalace ba, yana leƙen hanya.

Farauta ita ce hutunsa tun yana wurin inji. Ba ta manyan namun dawa ba, shi ko barewa bai taɓa gani ba sai a hoto. Zomo ne, da fakara, da gafiya, in rana ta ɓaci a dawo da kurege. Bindigarsa ta gado ce daga kawunsa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a zuba gutsattsarin ƙarfe, a danna da tsinke. In ta tashi duk unguwa ta san Mai Inji ya fita. Sai dai ƙarfin nata a baki yake, domin gutsattsarin ba sa wuce jifan dutse, can za su zube kamar an watsa tsakuwa. Sharrinta duk a baya yake. Tana dukan kafaɗa, tana tofo wuta da hayaƙi ta gindi, har ta taɓa babbake girar wani abokin farautarsa da ya tsaya a bayansa yana kallo. Tun daga ranar, ba ya taɓa kunamar bindiga sai ya waiga ya tabbata ba kowa a bayansa. Abin da ke gaba kuwa, in dai ya wuce inda zomon yake, bai taɓa zama damuwarsa ba.

Babban ɗansu, wanda ke aiki a wani birni mai nisa, shi ya gaji da jin cewa wata rana tsohuwar bindigar za ta fashe a fuskar ubansa. Ya nemi izini yadda doka ta ce, ya sa aka ba tsohon sabuwa. Siririya ce, ba nauyi, katakonta yana sheƙi, ga madubin hange a kanta. Da Mai Inji ya ga harsasanta, ƙanana kamar yatsan jariri, dariya ya yi har da tari.

"Da wannan za a kashe zomo? Sai dai a yi masa allura."

Ya gwada ta a jikin wani ƙaton suri da ke bayan gidansa, ya kafa gwangwani ya yi seti. Ta ce tas, kamar an karya kara. Shi bai ma ji sosai ba, gwangwanin kawai ya ga ya yi tsalle. Abin ya burge shi, amma ya bar masa wani sanyi a ciki da bai gaya wa kowa ba. Duk rayuwarsa abin da ke da haɗari ƙara yake yi, inji ne ko bindiga. Wannan kuwa ta yi aikinta ta yi shiru kamar ba ita ba.

Alƙaliya ta tsaya daga bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta yanke nata hukuncin. "Ni ban yarda da ita ba, Maigida. Tsohuwar ko ba komai tana sallama. Wannan munafuka ce."

Da yamma ɗan ya bugo waya. Mai Inji ya manna ta a kunnen dama, ya toshe na hagu da yatsa, ko da yake ba abin da zai shiga ta can. Ɗan ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce, "Baba, wannan ba irin ta da ba ce, harsashinta yana tafiya nesa ƙwarai, yana ratsa nama ya wuce. Don Allah kafin ka harba, ka duba abin da ke bayan naman." Abin da ya iso kunnen tsohon bai wuce guntaye ba: kafin ka harba, ka duba, baya.

"To, to, na ji," in ji Mai Inji, har da ɗan jin haushi. "Ni za ka koya wa duba baya? Tun ba a haife ka ba nake duba baya."

Ɗan ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, suka shiga zancen jikoki. Alƙaliya tana can wurin murhu, ba wanda ya ce a maimaita. Masu magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, to a gidan nan kunne rabi ya ji.

Ranar da abin ya faru, famfon gidansu ya yi kwanaki ba ya kawo ko ɗigo. Da hantsi Mai Inji ya rataya sabuwar bindiga, yana ɗokin fitarta ta farko. Yana bakin ƙofa Alƙaliya ta zagayo ta damansa ta faɗi wani abu, ya ce to na ji, ita kuma sauri take yi, ba ta tsaya bin ba'asi ba.

Bayan gidajen ƙarshe akwai gonaki da aka girbe, sai karan masara da ciyawa. Gaba da su akwai dogon tudun tsohon layin dogo, wanda aka daɗe da kwashe ƙarafansa. A wancan gefen tudun wata unguwa ce, da hanyar ƙafa, da famfon burtsatse inda jama'a ke ɗiban ruwa in na gida ya ɗauke. Mai Inji ya san haka kamar yunwar cikinsa. Amma a zamanin tsohuwar bindiga tudun nan shi ne ƙarshen duniya, ba abin da ya taɓa harbawa ya kai ko gindinsa, sabo kuwa turken wawa ne.

Bai yi nisa ba ya hango shi. Ƙaton zomo ne zaune a kan ƙolin tudun, kunnuwa a miƙe, ba komai a bayansa sai sararin sama. Da tsohuwar ce, sai ya yi rarrafe ya yi ta lallaɓawa, zomon ya ji motsi ya ƙara gaba. Yanzu kuwa durƙusawa kawai ya yi a inda yake, ya sa ido a madubi, sai ga zomon a gabansa har gashin bakinsa yana gani yana rawa. Ya tuna gargaɗin ɗansa, kuma shi ba mai ƙin jin magana ba ne. Ya ɗago, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya duba bayansa da kyau. Ba kowa sai wata akuya can nesa. Ya mai da ido, ya riƙe numfashi, ya taɓa kunama.

Zomon ya yi sama ya faɗo, bai ƙara motsi ba.

Mai Inji ya hau tudun kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Ya kamo ƙafafun baya ya ɗaga shi sama yana jinjina nauyinsa, baki har kunne. Harbi ɗaya! Yau zai ga bakin Alƙaliya, ita da ke cewa in ya fita farauta namun daji hutu suke samu. Ya juya zomon don ya ga inda ya same shi. Ga 'yar huda a bayan kafaɗa. Ya sake juyawa, sai ga wata a ɗaya gefen, ta fi ta farkon faɗi.

Ya tsaya yana kallonta. Gutsattsarin tsohuwar a cikin nama suke zama, sau nawa ana tsintarsu a miya ana tofarwa. Wannan ya shiga ya fita. To ya fita ya tafi ina?

A hankali ya ɗago kai, ya bi layin da ido, daga inda ya durƙusa, zuwa inda yake tsaye, zuwa gaba. Tudun ya gangara, sai fili, sai hanyar ƙafa, sai famfo. A kan hanyar mutane suna gudu, duk wuri ɗaya suka nufa. Wata mata ta ɗora hannu biyu a ka.

Sai yanzu muryar ɗansa ta iso masa cikakkiya, kamar dā ma tana nan a maƙale tana jiran ranarta: abin da ke bayan naman. Ba bayansa ba. Bayan zomon. Kafin ya gama haɗiye wannan, wani ya biyo baya wanda ya fi shi ɗaci. Da Alƙaliya ta zagayo ta damansa ɗazu, me ke hannunta? Bokiti ne, shuɗin bokitin roba, da gammo a ɗaya hannun. Ba sai ya ji abin da ta ce ba. Famfo ta ce za ta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa, bai ji muryar kansa ba.

Gaskiya ita ce, abin da ya fara zuwa masa ba na jarumta ba ne. Zuciya ta ce masa ya koma ta inda ya hau, ya bi cikin kara, ya tura bindigar ƙarƙashin gado, ai ba ta yi ƙara ba, wa ya ji? Har ƙafarsa ɗaya ta ja baya. Sai ya tuna in ita ce kwance a can, hannuwan baƙi ne za su ɗaga kanta, shi yana gida yana ɓoyon ƙarfe. Kunya ta kama shi a kan tsoro. Ya fara gangarawa, tsakuwar layin dogo tana zamewa a ƙarƙashin takalminsa.

Yana tafiya yana roƙo, Allah ka sa ba ita ba ce, Allah ka sa ba ita ba ce. Can ya gane abin da yake roƙo. In ba ita ba ce, ai wata ce. Matar wani ce, ko 'yar wani da aka aika ɗebo ruwa, ko mai goyo. Ya nemi addu'ar da za ta fitar da kowa ya rasa, domin ga mutane can sun yi da'ira, kuma ba a yin da'ira a kan banza. Ya ci gaba da motsa leɓe ba tare da ya san me yake cewa ba.

Filin nan ya sha ratsa shi bai taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Ya bi ta gefen juji, ya tsallake wata kwata, ƙaya ta kama wandonsa ya fizge. So yake ya yi gudu, gwiwoyin sun ce ba da su ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne shirun. Yana ganin bakuna a buɗe, yana ganin hannuwa suna nuni, amma ko kuka ake yi, ko salati, ko kiran suna, shi ba abin da ke shiga kunnensa sai wani guu mai kama da na inji in an kashe shi da yamma. Da mai ji ne, da tun daga kan tudu ya san abin da zai tarar. Mutane sun san kukan mutuwa daban yake da ihun firgita. Shi dole sai ya je ya gani da idonsa.

Sai ga Tela a kan keke ya fito daga wajen taron, yana taka feda da ƙarfi. Da ya ga Mai Inji ya ja birki, ya sauke ƙafa ɗaya, ya shiga magana da sauri yana nuna baya. Kalma biyu tsohon ya kama, matarka, da faɗi.

"Da rai?" in ji Mai Inji.

Tela ya ba da amsa, amma ya riga ya juya fuska wajen hanya.

"Ban ji ba! Tela, don girman Allah, ban ji ba! Sake faɗa!"

Tela ya waigo da mamaki, domin tun da suke bai taɓa jin wannan kalma daga bakin maƙwabcinsa ba. Ya ɗaga murya ya ce zai kira mai kemis, ya yi masa alama da hannu ya ƙarasa, ya taka keke ya wuce. Mai kemis. To ba a kira wa gawa mai kemis. Amma in jini yana zuba fa? Wannan ɗan fatan da ya samu bai rage masa komai ba.

Abin da ya fara gani shi ne ƙasa, ta jiƙe ta yi baƙi, danshin ya malalo har waje da ƙafafun mutane. Sai takalmi wari ɗaya a kife. Ya san shi, shi ya ɗaure igiyarsa da waya da ta tsinke. Daga nan bai san yadda ya ratsa matan ba, ya dai ga sun dare.

Alƙaliya tana zaune a ƙasa, an jingina bayanta da gwiwoyin Mai Kitso, wata maƙwabciyarsu. Ta jiƙe sharkaf tun daga ka har zani, ɗankwalinta ya zame, furfurarta ta manne a goshi. Idonta biyu. Ya bi jikinta da kallo kamar mahaukaci, kai, wuya, ƙirji, ciki, yana neman ja. Ba ja sai 'yar ƙujewa a gwiwar hannu. Ya sake bi tun daga sama, bai yarda da idonsa ba.

Amma ba ta magana. Matar da ko tuntuɓe ta yi sai dutsen ya ji hukuncinsa, ga ta mutane sun kewaye ta, bakinta a rufe. Kallonsa kawai take yi. Ta dubi fuskarsa, ta dubi bindigar da ke kafaɗarsa, ta dubi hannunsa. Sai a lokacin ya lura har yanzu yana riƙe da zomon, jininsa ya ɓata masa gefen wando.

Mai Kitso ta yafito shi, ya sunkuya, ta kwarara masa a kunne. "Baba, kwantar da hankalinka! Bokiti ne ya fashe mata a ka, ta firgita ta zame! Ƙafa ce kawai ta ɗan gurɗe!"

Matan suka ɗauka. Wannan ta ce robar yanzu ba roba ba ce, waccan ta ce nata ma haka ya yi mata a tsakar gida. Wata mai ban dariya ta nuna zomon ta ce ai ga Baba nan ya zo da maganin faɗuwa, romo ya fi allura. Aka yi dariya, irin wadda ake yi bayan an sha tsoro. Mai Inji ya ga haƙora, ya gane dariya ake, ya yi ƙoƙarin buɗe nasa bakin ya kasa.

Idonsa yana kan bokitin. Yana gefenta a karkace, da ɗan sauran ruwa a ciki. Can ƙasa, dab da gindi, akwai 'yar huda zagayayya, tsaf kamar an yi da ƙarfen huji, daga ita tsaga ta tashi har baki. Tsakanin hudar da inda gindin bokiti ke zama a kan gammo, yatsu biyu ba za su shiga ba. Ƙasan gammo kuwa kanta ne. Ya ji ƙasa tana juyawa, ya dogara da bindigar, ya tuna abin da ya dogara da shi, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

Wata matashiyar mata, amaryar gidan kusa da famfo, ta sunkuya ta ɗauki bokitin. Ta juya shi, ta sa ɗan yatsa a hudar, ta yamutsa fuska. "Ikon Allah. Inna, wannan ai ba fashewa ba ce. Kamar wani abu ne ya..."

"Ƙusa ce."

Ko Mai Inji ya ji wannan. Muryar Alƙaliya ce ta kullum, mai tsayar da gardama.

"Jiya na ajiye shi a kan katako mai ƙusa. Ba ni bokitina, 'yar nan, kada ki ƙarasa shi."

Amaryar ta miƙa. Alƙaliya ta kifa shi a cinyarta, ta juya hudar wajen cikinta. A tsawon zamansu bai taɓa jin ta yi ƙarya ba, ko ta kare kanta, yau ga shi ta yi a gaban jama'a ba ta ko ƙifta ido ba. Wannan ya tsorata shi fiye da a ce ta tashi ta wanke shi tas.

Ta ƙi jiran mai kemis. Ta ce a gaya wa Tela ya sha wahalar banza, ƙafarta ce, ita ta san ta. Aka ɗaga ta, aka sa mata takalmi, ta rataya hannun hagu a wuyan mijinta. Mai Kitso ta ce za ta biyo su da bokiti, Alƙaliya ta ce a'a, ta saƙala shi a gwiwar hannunta na dama. Suka kama hanyar da ta zagaye tudun, tana ɗingishi, yana ɗauke da rabin nauyinta. Ta damansa take, bakinta dab da kunnen da ke ji, amma har suka wuce gonakin ba ta ce uffan ba. Tana dafe da shi, yana dafe da ita, ba ka ce ga mai tallafar wani ba. Ya lura tafin hannunta na dama a dunƙule yake tun daga famfo, ya ɗauka zafin ciwo ne.

A tsakar gida ya zaunar da ita a kan benci. Ya ajiye zomon a ƙasa. Bindigar ya cire mata harsasai, ɗaya ya faɗi ya gangara, ya jingina ta can nesa a jikin bango. Ya dawo ya tsaya a gabanta kamar wanda aka kawo ƙara.

"Alƙaliya," ya ce.

Ta nuna masa benci, gefen da kunnensa na dama zai fuskance ta. Ya zauna. Ta kamo hannunsa ta buɗe tafin, sannan ta buɗe nata. Wani ɗan guntun dalma ne ya faɗo, kan harsashi, bakinsa ya lotse, bai kai ƙwayar wake ba. Ya yi ɗumi saboda riƙo.

Ba ta dafa kafaɗarsa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta kawo bakinta har yana taɓa kunnensa, ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma.

"A cikin sauran ruwan na tsince shi, kafin su iso. Maigida, wani abu ya buge ni a ka, ruwan nan ya zubo mini a fuska da ɗuminsa, na ɗauka jini ne. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Ban kira 'ya'yana ba, ban kira uwata ba. Kai na kira. Ina kwance a ƙasa ina kiranka da duk ƙarfina, ina hango ka a kan tudu. Ko daga nesa na san tsayuwarka in kana murna. Ka ɗaga zomo sama."

Ta naɗe yatsunsa a kan dalmar. Ta dafa bango ta miƙe, ya yunƙura zai taimaka ta girgiza kai. Ta ja ƙafa ta shiga ɗaki, jiƙaƙƙen zaninta yana barin sawu a siminti, ta sakaya ƙofa.

Ya daɗe a zaune, ƙudaje sun fara sauka a kan zomon. Can ya tashi ya je bakin ƙofar. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ya fasa. Ya juya, ya manna kunnensa na dama a jikin katakon, ya riƙe numfashi, yana so ya san ko kuka take yi. Ya yi iya ƙoƙarinsa, bai iya ganewa ba.